Daidaiton Adireshin IP da Rajistar DNS

Duba daidaiton adireshi da suna aiki ne da masu kula da hanyoyin sadarwar kwamfuta ke yi domin tabbatar da cewa lambar IP (adireshin da ake gane na'ura da shi a hanyar sadarwa) da aka ba na'ura ta dace da abin da rajistar DNS (tsarin da ke haɗa sunayen na'urori da lambobinsu) ta rubuta a kanta, wato sunan ya kai ga lambar, lambar kuma ta komo ga sunan.

Tarihi

A zamanin ARPANET, hanyar sadarwar da ta gabaci intanet, fayil guda mai suna HOSTS.TXT ne ke ɗauke da sunayen na'urori, kuma Cibiyar Bincike ta Stanford a Amurka ce ke riƙe da shi. Kowace cibiya takan kwafe shi, to da na'urori suka yawaita sai kwafe-kwafen suka riƙa saɓa wa juna. A 1983 Paul Mockapetris ya tsara DNS, aka sake fasalinsa a 1987. Tsarin ya raba rajistar gida biyu: bayanin A, mai kai suna ga lamba, yana hannun mai sunan, bayanin PTR kuwa, mai mayar da lamba ga suna, yana hannun wanda aka ba jerin adireshin. Daga wannan rabuwa saɓanin ke tasowa, shi ya sa takardar jagorar fasahar intanet mai lamba RFC 1912 ta 1996 ta lissafa shi cikin kurakuran da aka fi yi.

Yadda ake dubawa

Akan juya lambar baya, misali 192.0.2.10 ta koma 10.2.0.192.in-addr.arpa, a nemi sunanta da manhajar dig ko nslookup, sannan a nemi lambar sunan da ya fito. Idan lambar farko ta dawo, an samu daidaito. Inda DHCP, tsarin da ke raba wa na'urori adireshi da kansa, ke ba da adireshi aro na ɗan lokaci, tsohon suna yakan maƙale wa lambar da tuni ta koma hannun wata na'ura.

A Kamaru da Chadi

Hukumar AFRINIC da ke ƙasar Moris ce ke raba wa kamfanonin intanet jerin adireshi a Afirka, don haka ofishi a Garwa, Marwa ko Injamena da ya karɓi lamba daga kamfanin intanet, wajen kamfanin zai nemi gyaran PTR. Tun Fabrairun 2024 Gmail ke buƙatar wannan daidaito daga masu aiko masa da imel.

Masana sun saɓa kan ko daidaiton hujja ce ta tsaro.