Me Ya Sa Kifi Ke Leƙo Kai Saman Ruwa?

Wani ɗan'uwa mai kiwon kifi a gefen garin Maraɗi ya turo mini bidiyon wani dogon kifi mai baki irin na agwagwa, yana tafe a saman ruwa, kai a waje sai ka ce kada. Ya ce nasa ma sukan yi haka da asuba. Ga abin da ya tambaya.

Malam, wane irin kifi ne wannan?

Ba namu ba ne. Faransawa na ce masa buroshe, Turawan Ingila kuma faik. A ruwayen sanyi na Turai da arewacin Asiya da Arewacin Amurka yake, 'yan'uwansa kifaye ne abincinsa. Ko ka shekara kana su a tafkin Madarumfa ba za ka kama shi ba.

To me ya fito da kansa waje?

A cikinsa akwai wata jakar iska wadda ke riƙe shi daidai zurfin da yake so. Tasa jakar tana da ɗan siririn bututu da ya haɗe da maƙogwaro, shi ya sa yakan taso ya haɗiyi iska ya ƙara mata. Wani lokacin kuma iskar oksijin ce ta yi ƙaranci a ruwan, sai ya nemi sama inda ta fi yawa.

Namu fa, duk haka ne?

A'a, sai ka duba wane kifi ne. Tarwaɗa Allah Ya yi mata wani nama mai rassa kamar ƙaramin icce a cikin kai, da shi take shaƙar iskar waje. Ka ji "ɓul" ta taso ta koma, lafiyarta lau. Shi ya sa za ka gan ta a kasuwa cikin roba, ruwa bai ko rufe bayanta ba, tana ta mutsu-mutsu har la'asar. Gaiwa ma ta fi ta: huhu gare ta, takan shige laka ta ci rani a ciki har ruwa ya dawo.

Karfasa ce abin dubawa, don ita ba ta da wannan gata. In ka ga sun yi cincirindo a sama, baki na buɗewa yana rufewa, ka taɓa ruwan ba su ko gudu ba, to shaƙewa suke yi.

Me ya sa sai da asuba?

Koren nan da ke rina ruwa da rana yake samar da oksijin. Rana na faɗuwa ya daina, ya koma shan rabonsa tare da kifin da ruɓaɓɓen abincin da ya kwanta a ƙasa. Kafin kiran assalatu an kusa cinye ta. Ga kuma zafi: lita guda ta ruwa a digiri 20 na ɗaukar oksijin kamar miligiram 9, a digiri 30 kuwa wajen 7.5. Ka tuna Afrilu da Mayu na Maraɗi, lokacin da zafin kan haura digiri 40.

In na tarar da haka, yaya zan yi?

Kada ka zuba abinci, nan ne yawanci ake kuskure, ana zaton yunwa ce. Narkar da abinci ma oksijin yake ci. Ka rage tsohon ruwan daga ƙasa, ka sako sabo daga sama yana faɗowa yana kumfa. In ba famfo, a ɗauki bokiti a riƙa ɗiba ana watsawa. In abin ya maimaita kwana biyu uku a jere, kifin sun yi wa ramin yawa ne, sai a rage.