Tsiron nama a hanci: me ya sa likita ɗaya ba ya isa?

Da hunturu ya kama a Damagaram, kowa na fama da mura da ƙura. Amma akwai waɗanda hancinsu ba ya buɗewa ko da damina, ga majina, ga minshari, sun daina jin ƙamshin miya. Wasu daga cikinsu tsiron nama ne a hanci.

Mene ne wannan tsiro, kuma daji ne?

Ba ciwon daji ba ne. Fatar cikin hanci da ta kogunan ƙashin da ke kewaye da shi ce take kumbura na tsawon lokaci, fiye da mako 12, har ta zazzago ta zama nama mai laushi, marar zafi, galibi a kafofin hanci biyu. Idan kuwa gefe ɗaya ne, ko ana yawan haɓo, wannan sai an ɗebi ɗan naman an auna, kada a yi jinkiri.

In haka ne, ba sai a yanke shi kawai ba?

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Yanke tsiron kamar yanke ciyawa ne a bar saiwa: kumburin da ya haife shi yana nan, kuma sau da yawa yakan dawo. Ina roƙon jama'a, kada a kai wa wanzami ya ja ko ya yanka. Kogunan hanci suna maƙwabtaka da ido da ƙwaƙwalwa, ƙashin da ya raba su siriri ne ƙwarai.

Su wa ya kamata su duba majinyaci?

Jagora shi ne likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda muke kira ORL. Shi ke leƙa hancin da ƴar kyamara, ya nemi hoton sikana in akwai buƙata. Amma hanci da ƙirji hanya ɗaya ce ta numfashi, shi ya sa masu wannan tsiro da dama suna da fuka, sai likitan huhu ya shigo. Wasu kuma aspirin, ibuprofen ko diclofenac, waɗanda ake saya a tire a kasuwa don ciwon jiki, su ke tayar musu da fukar har numfashi ya ɗauke. Wannan bayani dole ya isa kunnen kowane likita da mai farmasi. In yaro ne ƙarami, likitan yara zai bincika wata cutar gado mai kaurara majina. Wanda ya fara daga ƙaramin asibitin unguwarsu (CSI) ya nemi takardar tura shi babban asibitin Zinder, ya riƙe takardunsa duka wuri ɗaya, domin su ne ke haɗa likitocin.

Wane magani ake da shi?

Ana farawa da wanke hanci da ruwan gishiri, giram 9 a lita 1 na ruwan da aka tafasa ya huce, sannan feshin hanci mai rage kumburi irin mometasone ko fluticasone. Feshin yana son haƙuri, sai an yi makonni ana yinsa kullum. Idan tsiron ya yi girma, likita kan ba da maganin sha mai rage kumburi, prednisolone, na ƴan kwanaki kawai, domin yana ɗaga sukari da hawan jini, kuma yawan shansa na raunana ƙashi. Maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take, in ya wuce ƴan kwanaki, ƙara toshe hancin yake yi.

In magani ya gaza, sai tiyata ta cikin kafar hanci, ba a tsaga fuska. Bayanta ma wanki da feshi ba su ƙare ba.

Allurar da ake jin labarinta fa?

Akwai dupilumab, wadda Amurka ta amince da ita don wannan cuta a 2019, sai omalizumab a 2020 da mepolizumab a 2021. Suna rage tsiron da fukar tare, amma tsadarsu ta fi ƙarfin yawancinmu, kuma ana ajiye su ne don wanda feshi da tiyata suka kasa.