Mece Ce Hilatar Yara a Kafafen Sada Zumunta?

Hilatar yaro ita ce babba ya kusanci yaro ko yarinya ta intanet, ya yi ta jan sa a jiki sannu a hankali har ya sake da shi, alhali manufarsa lalata ce ko cin zarafi. Kalmar da Turawa ke kiran abin da ita, wato "grooming", asalinta ta masu kula da doki ce: a sharce shi, a goge masa gashi, har ya saba da hannun mai shi. Kwatancen ya dace, domin da kirki ake fara wannan mugunta.

Mai hilata yakan buɗe shafi da sunan bogi da hoton wani matashi, ya ce shi ma shekarunsa 14. Yaron da yake farauta shi ne wanda kaɗaici ya bayyana a rubutunsa, wanda ya ce an yi masa faɗa a gida, ko ba shi da aboki a makaranta. Sai yabo, sai gaisuwa safe da dare, sai ƴar kyauta irin su kuɗin data ko sulallan wasan bidiyo. Yaro ya ga yau ya samu mai sauraronsa. Daga nan a ce masa su koma hira ta su biyu, galibi a manhajar da saƙo ke gogewa da kansa. Sannan maganar da ta fi kowace haɗari ta biyo baya: "Wannan tsakanina da kai ne, kada Mama ta ji, ba za ta gane ba."

Da zarar sirri ya shiga, an raba yaro da masu kare shi. Za a fara da wasa mai ɗan ƙazanta don a gwada shi, in bai guje ba a nemi hoto. Ranar da hoton tsiraici ya fita daga wayarsa, fuskar aboki ta kau, barazana ta maye gurbinta: ko ya ƙaro wani, ko ya turo kuɗi, ko a watsa wa danginsa da ƴan ajinsu. Wani lokaci abin kan ɗauki watanni, amma masu neman kuɗi kan gama a dare guda, kuma samari maza suka fi faɗawa hannunsu. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 masu irin wannan damfara.

Dokoki na ƙoƙarin cim ma matsalar. Tun 2017 laifi ne a Ingila babba ya aika wa ɗan ƙasa da shekara 16 saƙon batsa, ko da ba su taɓa haɗuwa ba. Facebook da TikTok da Snapchat sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi, abin da ya samo asali daga wata dokar Amurka ta 1998. Ostareliya ta ɗaga nata zuwa 16 a dokar da ta zartar a 2024. Sai dai yaro na iya ƙara wa kansa shekaru da ɗan yatsa ɗaya.

Abin da ke damuna shi ne yadda mu iyaye ke taya mai hilata aiki ba mu sani ba. Yaron da ya tabbata duka da ƙwace waya ne sakamakon faɗin gaskiya, zai yi shiru ya ci gaba da biya. Wannan tsoron shi ne jarin mugun. Don haka in ka ga ɗanka na kife waya idan ka shigo, ko yana da kyautar da ba ka san mafarinta ba, ko ya tashi daga hira jikinsa a sanyaye, zauna kusa da shi ka tambaya da taushin murya, ka fara da gaya masa cewa shi aka zalunta.

In abin ya riga ya faru, kada a biya ko sisi, don biya ba ya kashe barazanar. Kada a goge hirar. A ɗauki hotonta a matsayin shaida, a toshe mutumin, a kai ƙara ga manhajar da kuma ƴan sanda. Akwai kuma shafin Take It Down, kyauta ne, wanda ke ɗaukar tambarin hoton, wato wata lamba ta musamman da ake gane shi da ita, ba tare da hoton ya bar wayar yaron ba, sai kafafen da ke cikin shirin su gane shi su cire idan an ɗora.