Sauya giyabos na otomatik a motar a-kori-kura

Sauya giyabos na otomatik shi ne sauke akwatin giyar da ya lalace daga ƙarƙashin mota a ɗaura wani a madadinsa, sabo ko wanda aka ciro daga wata motar. A Kano aikin bakanikai ne a gareji, amma akwai masu motoci, musamman direbobin da suka taɓa zama yaran gareji, da ke yi da kansu a ƙofar gida tare da mataimaki ɗaya ko biyu. A-kori-kura ta fi ƙaramar mota sauƙin wannan aiki: injinta a miƙe yake, giyabos na bayansa, kuma tana da tsayi daga ƙasa.

Tarihi

An daɗe ana neman giyar da za ta canza kanta ba tare da direba ya taka kuloci ba. Wani injiniya ɗan Kanada, Alfred Horner Munro, ya yi wa ƙirarsa mai aiki da iska rajista a farkon shekarun 1920, sai dai ba ta yi kasuwa ba. Wadda ta fara yaɗuwa ita ce Hydra-Matic ta kamfanin General Motors na Amurka, da ta fito a 1939 a motocin Oldsmobile, tana aiki da matsin mai. A 1948 Buick ta fito da Dynaflow mai kwambata, wato tulun ƙarfen nan cike da mai da ke karɓar ƙarfin inji ya miƙa wa giya. Har yau kwambata ce ke zaune a gurbin kuloci a yawancin giyoyin a-kori-kura.

A Arewacin Najeriya abin ya zo a makare. Motocin da suka yi tashe, Peugeot 404 da 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna daga 1975, da Toyota Hilux wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, kusan duk masu giyar hannu ne. Otomatik ta yawaita ne da shigowar motocin Beljiyam ta Kwatano da Legas, wajejen shekarun 1990 zuwa gaba. Da farko bakanikai sun yi ɗari-ɗari da ita, har ta kai ana cire ta a mayar da mota manuwal. Giyoyin da ke cikin Toyota yawanci na kamfanin Aisin ne: A340 mai giya 4, A750 mai 5, sai masu 6 a sababbin Hilux.

Samun giyabos

Kasuwar Kofar Ruwa ce aka fi zuwa, kuma abin da ake samu galibi na Beljiyam ne. Dole lambar da ke jikin giyabos ta dace da ta tsohon, haka ma soket ɗin wayoyinsa. Na mota mai fowil, wato wadda tayoyi huɗu ke ja, ba ya shiga wadda tayoyin baya kaɗai ke ja. Man da ya yi baƙi yana ƙauri alama ce ta ƙonewa a ciki.

Saukewa

Ana cire kan batir, a ɗaga motar a tokare ta da ƙarfe, ko a hau da ita kan rami. Jak shi kaɗai ba abin dogaro ba ne, bulon siminti kuwa yakan fashe ba shiri. Daga nan a tsiyaye mai, a yi wa farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya, alama a kwance ta, a cire wayoyi da kebul ɗin giya da bututun mai biyu da ke zuwa lagireto. Ana kwance notikan da suka haɗa kwambata da filawul, wato faifan ƙarfen da ke bayan inji, ɗaya bayan ɗaya, ana juya inji da safana. Sai a tallafe giyabos da jak, a cire gadar ƙarfen da yake kai, a ja shi baya a sauke. Nauyinsa yakan kai kilo 70, wani ya haura 100.

Ɗaurawa

A nan aka fi ɓarna. Kafin a ɗaga giyabos, ana zuba wa kwambata mai, a cusa ta a bakinsa ana juyawa har ta faɗa ciki sau biyu ko uku, ta kama haƙoran famfon mai. In ba ta zauna ba, giyabos ba zai manne da inji ba, za a ga ɗan gibi tsakaninsu. Mai gaggawa sai ya ɗaure notikan da ke haɗa giyabos da inji da ƙarfi don ya rufe gibin, famfon ya tsage, a tada mota ta ƙi motsi, kuɗin Kofar Ruwa kuma sun tafi. Ƙa'ida ita ce su haɗu da turin hannu kawai, kan fil biyu da ke saita su.

Ana kuma wanke bututun mai da sashen lagireto da ke sanyaya shi, domin gutsattsarin ƙarfen tsohon giyabos na maƙalewa a can su shiga sabon. Da yawa kan tsallake wannan. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ga lodin buhuna ga cunkoson titi, toshewar wannan hanya kaɗai ta isa ta ƙona giya.

Mai

Kowane giyabos da irin mansa: tsofaffi Dexron ko T-IV, sababbin Toyota WS. Ana auna shi inji na aiki, mota a kan shimfiɗaɗɗen wuri, bayan an ratsa da sandar giya kowane matsayi. Wasu sababbi ba su da tsinken awo, ta wani noti na ƙasa ake gane ya cika, kuma wasu sai an goge bayanan tsohon giyabos daga ƙwaƙwalwar mota da kwamfuta.

Saɓani

Bakanikai sun rabu kan gyara ko sauyawa. Wasu na ganin a buɗe tsohon a canza faya-fayen cikinsa da suka cinye, wasu na ganin na Beljiyam da ba a taɓa buɗewa ba ya fi ƙarko.