Civita di Bagnoregio

Civita di Bagnoregio tsohon ƙauye ne a tsakiyar Italiya, cikin lardin Viterbo na yankin Lazio, kimanin kilomita 120 arewa da birnin Rum. Yana zaune shi kaɗai a kan tudu, kwaruruka masu zurfi sun kewaye shi ta kowace fuska, kuma ba a isa gare shi sai ta wata doguwar gada mai tsawon kusan mita 300 da aka gina a 1965, wadda baƙi ke bi da ƙafa.

Al'ummar Etruska ce ta kafa garin fiye da shekara 2,500 da suka shige, tun kafin Rumawa su mallaki yankin. A nan aka haifi Bonaventura, babban malamin Kirista na ɗariƙar Faransiskan da ya rasu a 1274, sai dai mafi yawan gidan da ya tashi a cikinsa ya daɗe da ruftawa cikin kwari.

Wannan ruftawa ita ce jigon tarihin Civita. Saman tudun dutse ne mai taushi wanda tokar aman wuta ta daskare ta zama, ƙarƙashinsa kuwa yumɓu ne, kuma ruwan sama da rafukan da ke gudana a gindin tudun suna cinye yumɓun sannu a hankali har dutsen da ke bisa ya rasa madogara, ya tsage, ya zube tare da duk ginin da ke kansa. Girgizar ƙasa ta 1695 ta ƙara tsananta lamarin, har bishop da hukumomin gari suka ƙaura zuwa Bagnoregio da ke maƙwabtaka, jama'a kuma suka riƙa bin su. Saboda haka wani marubuci mai suna Bonaventura Tecchi ya yi wa Civita laƙabi da garin da ke mutuwa. A yau mazaunansa na dindindin ba su kai ashirin ba.

Keɓewar da ta kori mutane ita ce kuma ta hana a taɓa fasalin garin, wanda shi ne ainihin dalilin da ya sa ya cancanci ziyara. Mai zuwa yakan shiga ta ƙofar Santa Maria, wadda aka ƙawata da siffar zakuna biyu na dutse, daga nan lunguna masu daɓen dutse su kai shi dandalin da cocin San Donato yake. Dandalin turɓaya ce, ba a daɓe shi ba, kuma a nan ake yin tseren jakuna da ake kira Tonna sau biyu a shekara, a watan Yuni da na Satumba. Gidajen suna da matakalai a waje, an jera tukwanen furanni a kansu, wasu lungunan kuma sukan yanke kwatsam a bakin gaɓa.

Tun 2013 hukumar Bagnoregio ke karɓar kuɗin shiga daga baƙi, waɗanda yawansu ya kai dubban ɗaruruwa a shekara, har gidaje da dama suka koma masaukai da wuraren cin abinci. Injiniyoyi suna ci gaba da ɗaure gefen tudun da ƙarafa da kankare domin rage zaftarewa, kuma a fadar Alemanni da ke bakin dandali akwai gidan tarihi da ke bayyana yanayin ƙasar wurin da zaftarewar da aka sha yi.