Me ya sa tarin fuka ke saurin kama ƙananan yara?

Ina yaron da bai fara zuwa ko'ina ba zai samo tarin fuka?

A gida, kusan kullum. Ƙwayar cutar tana bin iska ne idan mai tarin fuka (tibi) na huhu ya yi tari ko atishawa, har ma da magana, kuma takan daɗe tana yawo a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Yaron goye ba ya zuwa kasuwa ko majalisa. Duniyarsa bayan uwa ce, da cinyar kaka, da ɗakin da ake kwana mutum shida. Shi ya sa idan aka samu yaro da cutar, ma'aikacin lafiya zai fara tambaya: wa ke tari a gidan? Sau da yawa amsar ita ce tsohuwar da kowa ya saba da tarinta har an daina jin sa, ana cewa na tsufa ne, ko kawun da ya dawo daga ci-rani a rame. A lokacin hunturu abin ya fi muni, don mukan toshe taga da tsumma, mu ajiye kaskon wuta a tsakar ɗaki, kowa ya shaƙi numfashin kowa har asuba.

Duk yaron da ya shaƙi ƙwayar zai kwanta?

A'a. Babba yakan ɗauke ta shekaru tana kwance a jikinsa ba ta yi masa komai ba. Amma garkuwar jikin ɗan ƙasa da shekara 5 ba ta yi ƙwari ba, balle wanda bai kai 2 ba. Cikin jariran da suka kamu kafin su cika shekara, kusan rabi ne cutar kan tashi a jikinsu idan ba a ba su maganin kariya ba, galibi cikin 'yan watanni. Kuma ba lallai ta tsaya a huhu ba: tana iya bin jini ta bazu, ko ta hau ƙwaƙwalwa ta zama sanƙarau.

Me kuma ke ƙara haɗarin?

Tamowa ce kan gaba a wajenmu, domin ita da tibi abokan tafiya ne, kowace na buɗe wa ɗaya ƙofa. Sai cutar HIV, ga yaron ko ga uwarsa. Baƙon dauro ma yakan bar garkuwar jiki a raunane bayan ya wuce. Akwai hayaƙin itace da na taba. Akwai kuma madarar shanu da ba a tafasa ba, saboda shanu na da nasu irin tibin da ke kama mutum.

An yi wa ɗana allurar BCG, har tabon na nan a hannunsa. Ya tsira ke nan?

Allurar da ake yi bayan haihuwa tana da amfani ƙwarai wajen kare shi daga mummunan nau'in, irin na ƙwaƙwalwa. Amma ba ta hana kamuwa gaba ɗaya. Mai tabon ma, in yana kwana ɗaki ɗaya da mai tari, sai an duba shi.

Uwa mai tibi ta daina shayarwa?

Kada ta daina. Cutar ba ta bin nono. Ta sha maganinta, ta rufe baki da hanci, a kuma ba jaririn maganin kariya.

Yaushe za a kai yaro asibiti?

Da zarar an tabbatar wani a gidan yana da cutar, a kai duk 'yan ƙasa da shekara 5, ko da suna ta guje-gujensu lafiya lau. Wanda aka ga bai kamu da ciwon ba za a ɗora shi kan maganin kariya na wata 3 ko 6. Alamunta a yaro sukan ɓoye: tari ko zazzaɓi da ya wuce mako 2, rama ko rashin ƙaruwar nauyi, yaro ya daina wasa, ko kaluluwa a wuya. Nan ne ake ɓata lokaci, ana ta maganin maleriya ko a ce haƙori ne. Tun da ƙaramin yaro ba ya iya fitar da majinar ƙirji, haɗiye ta yake yi, yanzu ana iya gwada bayan gidansa da na'urar GeneXpert. A Najeriya gwajin da maganin duk kyauta ne a cibiyoyin kula da masu tibi da ake kira DOTS, kuma magani yakan ɗauki wata 6, a sha shi har ƙarshe ko da yaron ya murmure tun a wata na biyu.