Tarar dusar ƙanƙara a New York: wa ake ci, kuma yaushe agogo ke fara aiki?

Tun da sanyi ya shigo, wani saƙon murya ke yawo a zaurukan WhatsApp na mutanenmu da ke Bronx da Harlem, wai duk wanda dusar ƙanƙara ta kwana a ƙofar gidansa 'yan sanda za su kama shi, har abin ya taɓa takardunsa. Wasu kuma sun ɗauki kishiyar haka, wai share ƙanƙara aikin gwamnati ne kaɗai. Duka biyun ba haka suke ba.

An raba aikin ne gida biyu. Titin mota na hukumar tsaftar birni ne, DSNY, wadda ke ɗaura wa motocin kwashe shara faifan ture ƙanƙara. Hanyar masu tafiya a ƙafa kuwa, sashe na 16-123 na dokokin birnin ya ɗora ta a wuyan mai gida, ko ɗan haya, ko duk wanda ginin ke hannunsa. Idan a dogon bene kake, sufa, wato mai kula da ginin, ne ke yi. Mai shago dai ya buɗe takardar hayarsa ya duba, don sau da yawa a can aka jingina masa aikin bai sani ba.

Inda ake yawan rikicewa shi ne lokaci. Awa 4 doka ta bayar, kuma ana fara ƙirge daga sa'ar da dusar ta daina zuba. Amma tsakanin ƙarfe 9 na dare da 7 na safe ba ya shiga lissafi. A ce ta tsaya da ƙarfe 6 na yamma. Kafin 9 ka ci awa 3, saura ɗaya, ita kuma sai bayan 7 na safe za ta fara tafiya, wato kana da har ƙarfe 8. Daga nan ne aka samo "awa 14" da ake gani a sanarwar hukuma, ba wata doka ce daban ba. Idan kuma cikin dare ta tsaya, wa'adinka ƙarfe 11 na safe ne. Saboda haka babu mai tilasta maka fita da shebur kafin Asuba. Idan ta daskare ta zama kamar dutse, an yarda ka watsa yashi ko garin katako ko makamancinsu, ka kwashe idan ta saki.

Ita tarar, karon farko dala 100 zuwa 150 ce, na biyu 150 zuwa 350, na uku 250 zuwa 350. Takardar sammaci ce ta laifin tsafta, ana sauraronta a OATH, ofishin birni mai sauraron ƙararrakin irin waɗannan takardu, ba a kotun masu aikata laifi ba, kuma kana iya ƙalubalantarta. Shi ya sa nake ba mutane shawarar su ɗauki hoton ƙofarsu da waya da zarar sun gama shara. Abin da ya fi tarar ciwo shi ne wani ya zame ya karye, domin tun 2003 doka ta mayar da alhakin diyya kan masu gine-gine, ban da ƙananan gidaje masu iyali ɗaya zuwa uku da mai su ke zaune a ciki.

Ni dai a ganina akwai rashin daidaito a nan. Dala 100 ɗin da kamfani mai benaye goma ba zai ji a jikinsa ba, ita ce za a ci tsohuwar da ba ta iya ɗaga shebur, kuma sau da yawa maƙwabci ne ya buga 311, lambar kai koke ta birnin, ya kai ƙara maimakon ya aiko ɗansa ya taya ta.

Kuskuren da direbobinmu na tasi suka fi yi shi ne watsa ƙanƙarar cikin titi idan suna haƙo mota. Haramun ne a doka, kuma wahalar banza ce, tunda faifan motar hukuma ɓangaren dama yake turawa, zai dawo maka da ita. Ka tara ta a bakin hanya, ka buɗe fili mai faɗin ƙafa 4 yadda keken guragu zai wuce, kada kuma ka binne famfon 'yan kwana-kwana.